Alisabatu Mai Tukwane da Gishirin Bature

Duk wanda ya ci kasuwar Minna a shekarun da aka samu mulkin kai, in dai ya taɓa sayen tukunya, to ya san Alisabatu. Gajeriyar mace ce 'yar Gbagyi, kafaɗarta ta hagu ta ɗan ranƙwafa saboda dako, don matan Gbagyi ba sa ɗora wa kai kaya, sun ce nauyin tunani ya ishe shi. Takan zauna can kusa da masu daddawa, ta jera tukwane da tuluna da kasake, ba ta kiran kowa. In ka tsaya sai ta ɗauki tukunya ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta ce, "Ka dai ji da kunnenka." Iyakar tallarta ke nan. Mai son dogon ciniki sai ya yi gaba.

A wajen Paiko aka haife ta, a gidan magina tukwane. Ba ta taɓa zama a aji ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, amma uwarta ta bar mata wani karatu guda. Duk ranar da aka gano sabon ramin yumɓu, mutane suka yi ta yabo, sai tsohuwar ta ce, "Kada ki bi bakin wanda ya kawo. Gina tukunya biyu, ɗaya da tsohon yumɓu, ɗaya da sabo. Rana ɗaya, hannu ɗaya, girma ɗaya. Ki ja wa kowace alama a gindi, ki gasa su a wuta ɗaya. In ɗaya ta fashe, kin san ba laifin wuta ba ne." Da wannan Alisabatu ta tashi, kuma da shi ta auna kusan komai na duniya, har da mutane.

Mijinta Shekwolo manomin doya ne, a wata 'yar unguwa ta bakin hanyar Paiko inda ake jin kukan jirgin Minna in iska ta juyo. Dogo ne, ga surutu, ga taurin kai, ga zuciya mai laushi kamar dafaffen kabewa, shi kuwa yana ganin ya ɓoye ta. Ina fa! Kowa ya san Shekwolo yana gaida doyarsa da safe. Zai tsaya a bakin gona ya ce, "Kun kwana lafiya? Wa ya sha ruwa, wa bai sha ba?" In ya ji motsin mutum sai ya mai da abin tari.

'Ya'ya huɗu Allah ya ba su, ya bar musu ɗaya, Rifkatu, wadda ta yi aure a Zungeru. Filibus da Ayuba ƙyanda ce ta kwashe su a mako guda, ɗaya ran Talata, ɗaya ran Asabar. 'Yar autar, Kyauta, kwana arba'in ta yi a duniya. Su ukun suna kwance a bayan ɗakin Alisabatu, a gindin ɗorawa. Kullum da safe kafin ta hura wuta sai ta share wurin, ta gaya musu abin da za ta yi ranar. Ba ta kuka, ta daɗe da wuce nan. Hira ce kawai irin ta uwa da 'ya'yanta.

To, sai ƙasa ta gaji. Doyar da a dā sai namiji ya sa hannu biyu ya ɗaga, ta koma kamar damtsen yaro. A al'adar mutanen, in ƙasa ta gaji a bar ta ta huta, a sari wata. Amma gari ya matso, kowane fili da mai shi, babu inda za a koma a nan kusa. A kakar 1964 ƙannen Shekwolo biyu suka je suka ga daji can wajen kogin Kaduna, tafiyar yini biyu, suka dawo suna cewa ƙasar baƙa wuluk, ko sanda ka dasa sai ta yi ganye. Aka yanke magana: gida zai tashi gaba ɗaya.

Alisabatu ta ji maganar tana tsakiyar gina tulu. Ta wanke hannu, ta je ta tsaya gaban mijinta.

"Baban Rifkatu, su wa za su share wa yaran nan?"

Ya ce, "Uwar Rifkatu, matattu ba sa cin doya. Mu ne muke ci."

"Na sani. Amma ni ba zan iya barinsu a kango ba. Wallahi ba zan iya ba."

Ta faɗa, ya ji, amma magana ba ta cika ciki. Ita ma ta san yana da gaskiya, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

A cikin kwanakin ne Malam Ndakotsu ya zo. Banufe ne daga Bida, malamin gona, siriri, yana yawo a keke da ɗan buhu a baya. A cikin buhun akwai takin zamani, fari fat, mutane suka sa masa suna gishirin Bature. Ya tara maza a ƙofar mai unguwa yana bayani, suna ta dariya. Shekwolo ne kan gaba. Ya ce gishirin nan kumbura doya yake yi da ruwa, ya sa ta ruɓe a ajiya, sakwararta kuma ba ta danƙo. Ya gani da idonsa? Ko kusa. A kasuwa ya ji, wanda ya gaya masa shi ma ji ya yi.

Alisabatu na wucewa da tulun ruwa a kafaɗa sai ta ji malamin yana cewa, "Ni ban ce ku yarda da ni ba. A raba gona biyu. Iri ɗaya, rana ɗaya, noma ɗaya. A sa wa rabi, a bar rabi. In an haƙa, kowa ya gani."

Ta tsaya cik, ruwa yana zubo mata a baya. A ranta ta ce, ashe tukunya biyu ce.

Ran nan da la'asar ta nemi alfarma wajen mijinta, alfarmar da ba ta taɓa nema ba: damina ɗaya, da ɗan yanki na tsohuwar gona. In gishirin ya ta da ƙasar, a zauna. In bai ta da ba, za ta ɗaure kayanta ba tare da ta ƙara cewa uffan ba. Shekwolo ya yi ta hura hanci, ya ce mace da tukwane me ta sani a doya, sa'an nan ya amince, don dama bai iya ce mata a'a ba. Amma ya kafa sharaɗi uku: doyar ta fi yawa, ta yi ajiya, sakwararta kuma ta yi daɗi.

Da Malam Ndakotsu ya zo auna wurin, ya ce a sa wa rabin gabas, a bar rabin yamma. Alisabatu ta girgiza kai.

"A'a, Malam. Yamma ta gangara rafi, ta fi laima. Tukunyar da ke tsakiyar wuta da wadda ke gefe ba gashi ɗaya suke samu ba. A yi layi ɗaya da gishiri, layi ɗaya babu, har a kai ƙarshe."

Malamin ya dube ta, ya cire hula ya sosa kai. "Mama, wace makaranta kika yi?"

"Ta uwata," in ji ta.

Haka aka yi. Layi takwas, kowane layi tuli ashirin, Shekwolo ne ya tara su da garmarsa. Irin doyar kuwa ta sa aka zube shi wuri ɗaya aka cakuɗa, don kada hannu ya zaɓa wa wani layi manya. Ta gasa 'yan tsingaro masu alama ta kafa a bakin kowane layi. Da doya ta fito ta kama sanda, ruwa ya zauna, ta bi layuka huɗu tana zuba wa kowane tuli cikin kwalin ashana guda, ta kewaya da shi nesa da saiwa yadda malamin ya nuna, ta rufe da ƙasa. Sauran huɗun ba ta ba su komai ba.

Da fari abin ya yi kyau. Layukan gishiri suka yi kore shar, na babu suka ɗan yi fatsi-fatsi. Alisabatu takan je bayan ɗaki ta ba yara labari. Sai kuma, wajen tsakiyar damina, layukan babu suka farfaɗo, suka kamo 'yan'uwansu, har ba ka iya rabewa. Ta yi mamaki, ta ce wataƙila haka doya take.

Ranar haƙa, bayan Kirsimeti kaɗan, Malam Ndakotsu ya zo ya tsaya yana ƙirga, ana aunawa da kwando ɗaya. Layukan gishiri: kwando tara. Layukan babu: kwando tara. Malamin ya sake ƙirgawa, ya duba littafinsa. Ya hau kekensa ya tafi jiki a sanyaye.

Alisabatu ba ta yi gardama ba. Ita ta nemi a gwada, an kuwa gwada. Ta je gindin ɗorawa ta zauna a ƙasa, ran nan ta yi kukan da ta shekara goma ba ta yi ba. Abin mamaki, Shekwolo da ya ci nasara bai yi murna ba. Ya daina surutu, tuwo ma sai ya taɓa ya ture.

Bayan kwana uku ta koma gonar kwashe tsingaronta. Mai ginin tukunya ba ta iya wuce ƙasa ba ta damƙa ba, hannu ne ya saba. Ta damƙi ta wani tuli a layin babu, ta murza. Sai ga kashin awaki, ya ruɓe amma ana gane shi, ga kuma toka. Ta je tuli na gaba, haka. Na gaba, haka. Duka tamanin ɗin. Nan take ta tuna duk daminar nan garken awakinsu a share yake tas, alhali tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin mutumin nan da tsintsiya ba.

Ta same shi a inuwa yana gyaran ƙotar fartanya. Ta buɗe hannunta a gabansa.

"Baban Rifkatu, mene ne wannan?"

Ya duba, ya kau da kai.

"Don ka ci ni ka yi? Don mu tashi? Da ka ce mini kawai ba ka yarda ba, ai da na haƙura. Shekara talatin ban taɓa kama ka da ha'inci ba."

"Ha'inci?" Ya ajiye fartanyar. "Haba, Uwar Rifkatu. Ke kika bi layi kina ba wasu abinci, wasu suna kallo. Kullum na je gaishe su, ga waɗannan sun yi ƙiba, ga waɗancan sun yi rawaya, iri ɗaya, uwa ɗaya. Na daure mako biyu. Ni ban iya ba. A gidan ubana ba a ba yaro ɗaya a hana ɗaya. Ɗan kaɗan na ba su, don su samu abin taɓawa."

"Ɗan kaɗan! Ka kwashe garke kaf!"

"To, da na fara sai na ga suna so."

Allah sarki. Ta so ta ci gaba da faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Wannan fa shi ne mutumin da in ya samo ƙosai ɗaya a kasuwa sai ya raba shi uku daidai wa daida, Filibus da Ayuba da Rifkatu, ya lashe yatsa ya ce ya ƙoshi. Ta zauna kusa da shi, haushi da ƙauna suka cakuɗe mata, ta ce, "Ka kashe mini shekara guda, tsohon banza."

"Na kashe," in ji shi. "Zan biya ki da wata shekarar."

Ba ƙaramin abu ya yi alkawari ba. Ƙannensa suka tashi da rani, suka ce in bai zo an raba daji da shi ba, abin da ya rage zai samu, tudu da tsakuwa. Ya ce su je, ya ji. Unguwar ta yi shiru, gidaje biyu suka zama kango, su biyu suka rage a nasu da awaki.

Da Malam Ndakotsu ya ji abin da ya faru sai da ya sauka daga keke don dariya. Amma Alisabatu ta riga ta yi nisa da tunani. Ta ce ɓarnar ma ta koya musu abu: in kashin awaki da toka sun kamo gishiri, to su ma a ba su layinsu. A daminar 1966 aka yi layi tara, uku na gishiri, uku na takin awaki, uku babu komai, a cakuɗe. Ta sa mijinta ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya yi alkawari ba zai ba layukan babu ko ƙwayar toka ba.

Ya cika alkawari, amma ya sha wuya. In zai ratsa gonar sai ya karkatar da hula ta rufe masa ido ɗaya. Noman ciyawa kuwa dole a yi wa kowane layi daidai, don haka yakan shiga layukan babu da sauri, kai a sunkuye, yana cewa, "Ku yi haƙuri, ba ni ba ne, uwarku ce." Ita tana ji daga bakin gona. Ita ma ganyen nan masu rawaya suna damunta, ba ta dai faɗa ne.

Da aka haƙa, gani ya kori ji. Na gishiri kwando takwas. Na awaki bakwai. Na babu uku da rabi, 'yan firit-firit, wasu ko iri ba za su yi ba. Shekwolo ya tsuguna a gabansu ya daɗe yana juya su a hannu. Sharaɗi na farko ya tafi wajen Alisabatu.

Aka jera kashi ukun a inuwa ɗaya, aka rufe da ciyawa iri ɗaya, aka bar su wata uku. Da aka buɗe, na gishiri an samu ruɓaɓɓu biyar, na awaki uku, na babu biyu. Shekwolo ya ce, "Kin gani?" Ta ce, "Na gani. Ƙirga waɗanda suka rage." Ya ƙirga, ya yi gyaran murya. Wannan sharaɗin suka bar shi a tsakiya, ba wanda ya ci wani.

Saura sakwara. Rifkatu ta zo daga Zungeru bikin Ista, aka ba ta aikin. Ta dafa kashi uku dabam-dabam, ta daka a turmi ɗaya, ta zuba a kwano uku iri ɗaya da alama a gindi, miyar kuka ɗaya. Ko uwarta ba ta san wanne ne wanne ba. Shekwolo ya wanke hannu, ya gutsuri na farko, ya kurkure baki, ya gutsuri na biyu, ya kurkure, ya gutsuri na uku. Ya koma na biyu ya ja, ta miƙe ta yi danƙo.

"Wannan ce," in ji shi. "Wannan ta fi. Irin wadda uwata take dakawa."

Rifkatu ta ɗaga kwanon ta duba gindi. Ta kalli uwarta, ta ce a hankali, "Mama, ta layin babu ce."

Alisabatu ta miƙa hannu. Ta karɓa ta ɗanɗana duka ukun da kanta, don ba ta yarda da ji ba ko daga bakin mijinta. Gaskiya ne. Sauran biyun ba su da laifi, ana ci a ƙoshi, amma ƙaramar ta fi su. Ta ajiye kwanon ta ce, "Ka yi gaskiya, Baban Rifkatu. Uku ka ce, ban cika uku ba. Duk ranar da ka sa ta tashinmu, na shirya." Ya cinye ta layin babun tas, har ya suɗe kwano, ya tashi ya fita.

Washegari ta fito da tsintsiya za ta bayan ɗaki, zuciyarta kamar an ɗora mata dutsen niƙa, tana neman kalmar da za ta gaya wa yara. Sai ta ji caɓal-caɓal a tsakar gida. Shekwolo ne, ya naɗe wando har gwiwa, yana cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa yana takawa, ya zuba ciyawa a ciki. Ga tulunta biyu a gefe, shi ya ɗebo ruwan daga rafi da kansa, abin da namiji ba ya yi. A ƙasa ya zana da'ira babba, ya jera duwatsun gindi.

"Me kake yi haka?"

"Ba ki da ido? Rumbu."

"Wa yake gina rumbu a inda zai bari?"

Bai daina takawa ba. "Ni na zaci ƙasar nan mutuwa ta yi, shi ya sa na ce mu tafi. Ashe yunwa take ji. Kin nuna mini, na gani, kwando uku da rabi. Shekara nawa tana ciyar da mu, yau don ta ji yunwa sai in juya mata baya? Ba a gidan ubana ba." Ya share gumi da bayan hannu. "Za mu ba ta na awaki, inda bai kai ba mu cika da gishirin malaminki. Daɗin sakwara kuwa, miyarki ta cike. Sai dai abu ɗaya, Uwar Rifkatu: kada ki ƙara sa ni hana wani layi abinci. Na rantse sau ɗaya, ya isa."

Ta tsaya da tsintsiya a hannu, hawaye na zuba, tana dariya. Ta so ta ce masa ƙasar ta yi ruwa da yawa, rumbun zai tsage, amma ta bar shi sai an jima.

Ta zagaya gindin ɗorawa. Ta share na Filibus, ta share na Ayuba, ta tsince ganyen da ya zuba a kan ɗan ƙaramin na Kyauta da hannu. Sa'an nan ta durƙusa ta dafa ƙasar.

"Ku yi kwanciyarku," in ji ta. "Ba inda za mu. Babanku yana gini."